Kwana biyu a gonar haya a Shafa: yadda iyalan Hausawan Makka ke gudun zafi, da abin da ba ya fitowa a hoto

Daga Zahir, Makka

Duk ranar Alhamis da la'asar, tun daga watan Yuni har Satumba, hanyar da ta fita daga Makka ta gefen Arfa ta nufi dutsen Kara cika take da motocin iyali. But shaƙe da kuloli da buhun gawayi, barguna a ɗaure a sama duk da ranar da ake ƙwallawa, yara sun manna goshi a gilashi suna jiran su ga birai. Ɗa'ifa aka nufa, ko kuma ƙauyukan da ke kan duwatsunta, Hada da Shafa. Cikin motocin nan yanzu akwai na Hausawa da dama, daga Zahir da Jarwal da Misfala da Hindawiyya da Shara Mansur.

A da, in an ce gidan wane sun je Ɗa'ifa, to yini ne kawai. A tashi da asuba, a shimfiɗa darduma a wani lambun gwamnati, a ci dafa-duka, a yi sallah a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, a dawo kafin tsakar dare kowa a gajiye. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne kwana. Gida biyu ko uku kan haɗa kuɗi su kama gida guda a cikin gona, da kicin ɗinsa da tsakar gidansa, su yi kwana ɗaya ko biyu ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Wanda bai taɓa yin bazara a Makka ba zai ce gata ne ya yi mana yawa. Garin nan a kwari yake, mita 277 kacal sama da teku, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi suna tara zafi da rana su sake shi da dare. A aikin Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar alhazai 1,301. Su alhazai kwanakinsu ƙidayayyu ne. Mu da ke zaune, 'ya'yanmu sai su shafe hutun makaranta kaf a cikin shaƙƙa mai ɗaki biyu, mukayyif na ruri dare da rana, waya a hannu, ba su taka ƙasa ba sai tayil. Ɗa'ifa kuwa tana kan mita 1,879, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba ta hanyar Hada. Shafa ta haura mita 2,200. Don na gida su kwatanta: ta fi Jos tudu kusan ninki biyu, ta fi Gembu ta Mambila. Awa biyu da barin Zahir sai ka ji kana laluben rigar sanyi.

Tun kafin mu ake yi

Mutanen Makka ba yau suka fara mallakar gona a Ɗa'ifa ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya je garin a shekara ta goma da aiko shi, mutanen garin suka jefe shi, lambun da ya fake a cikinsa na 'yan Makka ne, Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, kuma yaronsu Addas ne ya kawo masa inabi. Akwai ƙaramin masallaci da sunan Addas a unguwar Masna har yau. A gabas da gari akwai madatsar ruwa ta Saisad, wadda rubutun da ke jikin dutsenta ya nuna an gina ta don Halifa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira. A zamanin nan ma, a da gwamnatin Saudiyya takan ƙaura zuwa can duk bazara, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Ke nan hawa dutse gudun zafi tsohuwar ɗabi'ar masu hali ce. Sabon abin shi ne direba da tela da nas sun samu ƙofar shiga, ko da ta kwana biyu ce.

Manhajojin waya ne suka buɗe ƙofar. Wadda aka fi amfani da ita a nan ita ce Gathern, ta 'yan ƙasa, sai kuma irin su Booking da Airbnb. Amma kafin mutum ya danna, ya kamata ya san sunaye uku da ake cakuɗawa. Istiraha fili ne da aka zagaye da katanga, da majalisin maza da na mata, da ciyawa, wani lokaci ta roba ce ma, da wurin ninƙaya. Shale kusan haka yake, sai dai ƙarami ne kuma an fi ƙawata shi. Mazra'a ko nuzul rifi shi ne gida a cikin gonar da ake nomawa da gaske, da bishiyoyin rumman da ɓaure da inabi, da awaki da kaji, da ma'aikacin da ke ban ruwa. Masu talla sun gane cewa kalmar mazra'a tana jawo kuɗi, don haka za ka ga fili mai bishiya uku an sa masa sunan gona. In gona kake so, ka ce a turo maka bidiyon ranar, a fara daga bakin ƙofa a zagaya. Hoto ba ya nuna cewa maƙwabta suna da lasifika.

Tun 1 ga Janairun 2025 Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta hana manhajoji tallata wurin kwana da ba shi da lasisinta. Wannan ya rage damfara a manhajojin, amma bai taɓa masu talla a Snapchat da WhatsApp ba, kuma a nan ne 'yan uwanmu suka fi faɗawa saboda araha. A tura kafin alƙalami zuwa asusun wani, ranar tafiya lamba a kashe. Ka nemi lambar lasisi, ka biya ta cikin manhaja. In an saɓa maka, layin ƙorafin ma'aikatar shi ne 930. Ka kuma tambayi kuɗin ajiya na ɓarna, wanda suke kira ta'amin, nawa ne kuma yaushe ake mayarwa, sannan ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe tun kafin yara su shiga. Daren Alhamis da na Juma'a sun fi tsada nesa ba kusa ba. Mu masu aikin duti da ake ba hutu a tsakiyar mako, wannan ɗaya ce daga 'yan ribar da muke samu.

Da sanyi kuma ba sai an hau dutse ba. Daga Zahir in ka bi ta Tan'im ka nufi Jumum, gonakin Wadi Fatima na nan kusa, da dabino da kayan lambu. A Janairu wurin da daɗi. A Yuli kuwa kada ka soma.

Abin da tsohuwa ta gani

Mu gida uku muka haɗa a ƙarshen hutun makaranta, manya bakwai da yara goma sha ɗaya, muka kama wani gida a gangaren Shafa daga Litinin zuwa Laraba. Ginin dutse ne aka yi wa kwaskwarima, gonar kuma hawa-hawa take kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu don ruwan sama kada ya kwashe ƙasar. Sama da mu bishiyoyin ar'ar ne, da la'asar gajimare ya sauko ya ratsa ta tsakar gida.

Surukata ta haura saba'in. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Ɗambatta, ta fi shekara talatin a Makka, kuma ciwon gwiwa ya sa ko Harami sai a keken guragu take zuwa. Washegari da sassafe muka neme ta a ɗaki babu. Can muka hango ta a hawa na biyu a durƙushe, tana cire ciyawa a gindin kabewa da hannu. Na ce, "Hajiya, gwiwar fa?" Ta ce, "Ke 'yar nan ƙyale ni, ƙasa ai magani ce." A matsayina na nas ban yarda ƙasa na warkar da gwiwa ba, amma na ga ta ci abinci a ranar fiye da yadda ta ci a mako guda.

Jikokinta suna kiran ta Sitti, kamar yadda yaran Hijaz ke kiran kaka, kuma Hausarsu rabi Larabci ce. A gonar nan ta gano ba su san kunya ta gona ba, kunyar ido kawai suka sani. Ba su san huɗa ba, ba su san rumbu ba, ɗaya ya tambaye ta ko gero a bishiya yake fitowa. Ta yi dariya har da hawaye, daga baya kuma ta yi shiru na wani lokaci. Sai ta karɓi fartanya wajen mai gadi ta ja musu kunya uku a wani ɗan fili, ta sa kowa ya gwada. Alkama da sha'ir mutanen dutsen suka gada, amma riƙon fartanya ɗaya ne ko'ina.

Mai gadin ma labari ne. Dattijo ne ɗan Sudan, da ya ji muna magana sai ya gaishe da Hajiya da Hausa tsantsa, irin ta da. Mutumin Mai Wurno ne a gaɓar Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa da jama'arsa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Kakanninsa Makka suka nufo, suka tsaya a hanya, shi ne ya ƙarasa bayan shekara ɗari, ga shi yana ban ruwan rumman. Yaran suka zauna suna jin sa baki buɗe. Wannan darasin ba na cikin kuɗin haya.

Mun je bayan lokacin wardi ya wuce, sai rumman da inabi da barshumi, wanda masu sayarwa a bakin hanya ke fere maka don ƙayarsa. Mai son wardi sai ya zo daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu. Wardin Ɗa'ifa da asuba ake tsinkarsa kafin rana ta kwashe ƙamshin, a kai shi matatar a dafa a manyan tukwanen tagulla, tururin ya bi bututu ya huce ya zama ruwan wardi, man kuma ya taso sama. Tola guda ta man, wadda ba ta kai giram 12 ba, tana cin furanni dubu goma zuwa sama, shi ya sa tsadarta. Da ruwan wardin nan ake haɗa Zamzam a wanke Ka'aba. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun noman wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon bil'adama. Hajiyoyi masu harkar humra da turaren wuta, ku da kuke saye a kwalba a kasuwar Utaibiyya, ya kamata ku ga inda abin yake fitowa ko sau ɗaya.

Magana ɗaya kan girki, don na ga yadda ake yi a wasu tafiye-tafiyen. Maza na majalisi suna shan shayi, mata uku na kicin tun safe har dare suna dafa wa mutum ashirin, a dawo gida a ce an je hutu. Wa ya huta? Mu tun a Zahir muka yanke: miya an dafa ta daga gida an daskarar, rana ɗaya mun yi odar salig, shinkafar Ɗa'ifa da ake dafawa da romo da madara, dare kuma na maza ne, su za su gasa nama. Ba su da hujjar ƙi, don naman da Larabawan Hijaz ke layi suna saye da sunan siriya ai tsirenmu ne, kakanninsu suka kawo shi da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Wanke-wanke na 'yan samari.

Idon nas

Nan ne nake so a saurare ni da kyau, don abin da zan faɗa ba ya cikin tallar kowace manhaja.

Na farko sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar. A tudun Shafa iskar da mutum ke shaƙa tana ɗauke da iskar oksijin ƙasa da ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kamar zaman cikin jirgin sama ne, sai dai na jirgi awa biyar ne, wannan kwana biyu. Lafiyayye ba zai ji komai ba sai ɗan haki a matakala. Mai sikila kuwa, ƙarancin oksijin da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne manyan abubuwa uku da ke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna jiran sa a kan dutsen. Sanyi yana sa yaro ya manta da ƙishirwa, sai ya yini bai sha ruwa ba, ya yi guje-guje, ya faɗa ruwan ninƙaya mai sanyi kamar ƙanƙara, tsakar dare a tashi da kuka. Ban ce kada a je da shi ba, don su ma 'ya'ya ne kuma sun gaji da jin "kai ba za ka ba". A fara ganin likitansa. A tafi da magungunansa da katin asibitinsa, a sa masa kaya masu kauri tun kafin magariba, a bi shi da ruwa ko bai nema ba, a hana shi ruwan sanyi. Idan an ga zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi da sauri, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko ciwo a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari inda saifa take, ba a jiran gari ya waye. Daga gonakin Shafa zuwa asibitocin cikin Ɗa'ifa rabin awa ne zuwa sama, a hanya mai kwana-kwana. In yaron yana yawan kwanciya asibiti, gara a zaɓi Wadi Fatima da sanyi. Ko mai AS, wanda yawanci ba ruwansa, in ya ji irin wannan ciwon gefen hagu a kan tudu kada ya ce iska ce.

Na biyu gawayi. Dare a Shafa akwai sanyi ko da bazara, da hunturu kuwa sai ka rantse a firji kake. An gama gashi, garwashi ya yi ja, sai wata ta ce a shigo da kaskon ɗaki a ɗan ji ɗumi, a zuba turaren wuta, a rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da barci mai nauyi, kuma wanda ke barci ba ya farkawa ya ba da labari. Duk shekara da sanyi hukumar kashe gobara ta nan, Difa'ul Madani, sai ta yi wannan gargaɗin. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fita waje da kowa nan take, a kira 911. Kasko a tsakar gida yake kwana.

Na uku ruwa. Mutane suna zaton yaron da ke nutsewa zai yi ihu ya bubbuga ruwa kamar a fim. Ba ya yi. Shiru yake tafiya, cikin 'yan mintuna, sau da yawa manya na zaune kusa suna hira. Kuma in manya sun yi yawa haɗarin ƙaruwa yake, don kowa na zaton wani na kallo. A gona ba wurin ninƙaya kaɗai ba ne, akwai tafkin siminti da ake tara ruwan ban ruwa, mai zurfi, gefensa da gansakuka, ba matakala. Da isarku, kafin a sauke kaya, babba ɗaya ya zagaya gonar ya ga duk inda ruwa yake. In wurin ninƙaya ba shi da shinge mai kulle kuma kuna da 'yan ƙasa da shekara biyar, ku sa a zubar da ruwan ko ku nemi wani gidan. Mu mun yi jadawali, awa-awa, mai tsaron ruwa ba ya riƙe waya.

Na huɗu madara. Mai gona zai kawo muku madarar akuya ko ta raƙumi da ɗuminta, don karamci, kuma mu mutanen fura da nono ba ma iya cewa a'a. Ku karɓa ku gode, ku tafasa. Ɗanyar madara ce babbar hanyar kamuwa da zazzaɓin Malta, wanda har yanzu ana samun sa a ƙasar nan. Ba ya bayyana sai bayan makonni: zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, gumin dare, ciwon baya da gaɓoɓi. Mutanenmu sai su ce maleriya ce ko taifod, a aiko musu da magani daga gida, a sha wata biyu ba sauƙi. Gwajin jini ne ke gano shi, maganinsa kuma iri biyu ne a haɗe na aƙalla mako shida. In ka je asibiti da irin wannan zazzaɓin, ka faɗa wa likita ka sha ɗanyar madara. Tsofaffi masu ciwon suga ko ƙoda kuma su nisanci raƙuma gaba ɗaya saboda cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Jidda a 2012.

Sauran a taƙaice: a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada a shimfiɗa tabarma a cikin kwari in hadari ya haɗu ko da a nesa ne, don ambaliyar dutse ba ta sallama. Biran hanyar Hada kuma ba abokan wasa ba ne, gwaggon biri ne mai haƙora, a rufe gilashi a daina miƙa musu ayaba.

Waɗanda aka bari a gida

Akwai abin da ba a cika faɗa ba in ana nuna hotunan tafiya. Lokacin da muke rubuta sunayen masu zuwa, akwai waɗanda ba a ko tambaye su ba, su ma ba su tambaya ba. Kowa ya san dalili. Gida mai lasisi sai an rubuta bayanan katin baƙi a tsarin Shumus na Ma'aikatar Cikin Gida, a hanya kuma akwai shingayen bincike. Wanda igamarsa ta mutu, ko wanda aka haifa a Makka amma har yau takardunsa ba su daidaita ba, Ɗa'ifa ta fi masa Kano nisa. Direban da ya ɗauke shi ma yana fuskantar tara mai nauyi da ɗauri da kora. Ban ba kowa shawarar ya gwada sa'a ba, abin da za a rasa ya fi kwana biyu a gona. Amma ina roƙon masu zuwa su yi hankali da yadda suke ba da labari a gaban yaran maƙwabta. A dawo musu da kwalin rumman, a rage yawan bidiyo.

Sai maganar na gida. Duk wanda ya sa hoton gona a status ya san saƙon da ke biyo baya: "Ana ta shan daɗi, a tuna da mu." Wani da wasa yake faɗa, wani kuwa kuɗin makarantar ɗansa ne ya tsaya. Kuɗin kwana biyun nan in aka canza shi zuwa naira ko sefa abu ne mai kauri, ba na musu. Na ji masu cewa almubazzaranci ne mutum ya biya kuɗi don ya kwana a ƙauye alhali ƙauyen ya baro. Ni ban ga haka ba. Matar da ke dutin dare na awa goma sha biyu, da direban da ke kwana a mota lokacin Umrar azumi, in suka faɗi babu mai aika ko sisi. Mu adashe muka yi na wata huɗu musamman don tafiyar, ba a taɓa abin da ake aikawa gida ba, kuma ina ganin wannan ce hanyar da ba ta barin ƙorafi.

Abin da ya fi taɓa ni ma ba kuɗin ba ne. Mu da muka tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, hutun ƙarshen shekara wajen kaka ake tura mu, kyauta, mu dawo da kaushi a ƙafa da buhun gyaɗa. Yau akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da mai gonar kansa ba ya iya kwana a cikinsu saboda 'yan bindiga, balle ya gayyaci jika daga Makka. Wata abokiyar aikina 'yar wajen Zurmi ta ce da ni rabonta da garinsu shekara bakwai, in ta je Najeriya a Gusau 'yan uwa ke zuwa su same ta. Ita kam gonar haya a Shafa ba yawon buɗe ido ba ne a wajenta, nan ne kaɗai 'ya'yanta suka taɓa ganin an tatsi akuya.

Saukowa

Hawa ya fi sauka sauƙi. Gangaren Hada dogo ne mai lanƙwasa, wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji yana ƙauri kafin ya kai Kara, daga nan kuma birkin sai ya daina kamawa. A sa mota a ƙaramar giya a bar inji ya riƙe ta, musamman in an cika ta da mutane da kaya. In hazo ya rufe dutsen ko ana ruwa, jami'an hanya kan rufe ta gaba ɗaya, sai a zagaya ta Sailul Kabir, wadda ta fi tsawo amma ba ta da tsanani. A duba sanarwa kafin a taso, kuma kada a bar sauka sai dare ga direban da ya kwana hira.

Hanyoyin biyu duk suna bi ta miƙati, Wadi Muhrim ta Hada, Ƙarnul Manazil ta Sail, shi ya sa da yawa kan tafi da harami a jaka su dawo da Umra. Da tsofaffi da ƙananan yara a mota dai, a lissafa gajiya tukuna.

Masu niyyar lokacin wardi su lura da kalanda. Gab da Hajji ana hana shiga Makka sai ga mai izinin aiki a wuraren ibada, ko mai izinin Hajji, ko wanda igamarsa a Makka aka ba da ita. A 2025 dokar ta fara aiki ranar 23 ga Afrilu, daidai da 25 ga Shawwal, kuma kowace shekara lokacin yana matsowa da kusan kwana 11, wato yanzu yana faɗawa tsakiyar kakar wardin. Wanda ke zaune a Zahir amma igamarsa ta Jidda ce ko Riyad, ko baƙon da ya zo da bizar ziyara, zai iya fita lafiya a tare shi a shinge wajen dawowa. A duba ranar da aka sanar ta shekarar kafin a biya kafin alƙalami.